Karatu Da Ciyar Da Ɗalibai A Jami'ar Azhar Ta Masar

 Da wuya a sami zauren malami a ƙasar Hausa inda ba a taɓa ambaton Azhar ba, amma galibi abin da a ke ambata shi ne zurfin karatunta da girman shehunanta. Ba safai a ke tambayar abin da ɗalibinta ya ke ci ba, ko inda ya ke kwana, ko wanda ya ke biya. Alhali kuwa wannan ɗawainiya ita ce ta riƙe makarantar fiye da shekara dubu.

Jauhar, sarkin yaƙin Halifa Mu'izzu na daular Faɗimiyya, shi ya aza harsashin masallacin a Alƙahira cikin shekara ta 970, watau 359 ta Hijira, aka yi Jumma'ar farko a ciki cikin Ramalan na 972. A cikin 988 Waziri Ibn Killis ya nemi Halifa Azizu ya yanka wa malaman fiƙihu talatin da 'yan kai albashi, aka kuma gina musu gida jikin masallacin. Ashe tun ran gini darasi da abinci tare suka shigo. Faɗimiyya 'yan Shi'a ne. Da Salahuddini ya kau da mulkinsu cikin 1171 sai aka bar yin Jumma'a a wurin har kusan shekara ɗari, sai zamanin Sarki Baibarsu aka mayar da ita, Azhar ta tashi ta zama gidan mazhabobi huɗu na Ahlus Sunna.

Yadda a ke karatu a can dā, duk wanda ya yi zaman zaure a Kano ko Zariya zai gane shi. Shehi ya jingina da ginshiƙinsa, ɗalibai su kewaye shi, a ja matani, a bi shi da sharhi, sa'an nan hashiya. Babu aji, babu jarrabawa. In ɗalibi ya sauke littafi, shehinsa ya yarda da fahimtarsa, sai ya rubuta masa ijaza.

Abin da ya bambanta Azhar da zaure shi ne riwaƙi. Riwaƙi wani sashe ne na masallacin, ko ɗakuna a jikinsa, wanda aka keɓe wa mutanen ƙasa guda. Akwai na Magaribawa, da na mutanen Sham, da na Turkawa, da na mutanen Jawa, da na Sinnar, da na Jabarti, akwai kuma na Barnawa da na Takarir, watau mutanen yammacin ƙasar Sudan. Makafi ma suna da zawiyarsu dabam. Kowane riwaƙi da shehinsa mai riƙe da littafin sunaye. Wanda sunansa ya shiga littafin nan ya sami wurin shimfiɗa tabarma, da ma'ajin littattafansa, da rabon gurasa wanda a ke kira jiraya. Wanda bai shiga ba kuwa sai ya jira har wani ya tashi ya bar gurbi. Gurasar nan ba daga sama ta ke faɗowa ba. Wakafi ne na gonaki da gidaje da shaguna, wanda sarakuna da attajirai suka tsayar, suka kuma rubuta sharaɗin wanda zai ci. Saboda haka riwaƙai ba ɗaya su ke ba. Na Magaribawa ya yi suna da wadata da tarin littattafai, domin fataken Magrib mazauna Alƙahira ba su manta da shi ba. Riwaƙin da mutanen ƙasarsa suka yi nisa, wakafinsa ya yi ƙaranci, ɗalibansa su suka san abin da a ke kira yunwa.

Mutanen Kanem sun fahimci wannan tun da wuri. Maƙrizi, mai tarihin Masar, ya ba da labari cewa bayan shekara ta 640 ta Hijira alhazan Kanem suka damƙa wa Alƙali Ibn Rashiƙ dukiya, ya gina makarantar Malikiyya a tsohon birnin Misra, suka riƙa aika mata da kuɗi. Ba a cikin Azhar ta ke ba, amma hanyar guda ce. Daga ƙasar Hausa kuma akwai Malam Muhammadu al-Kashnawi, Bakatsine masanin hisabi da aufaƙi, wanda ya zauna Alƙahira bayan aikin hajji, ya rasu cikin 1741 a gidan Shehu Hasan al-Jabarti, mahaifin mai tarihin nan Abdurrahman.

Jarrabawa ba ta shigo ba sai 1872, zamanin Shehu Muhammad al-Abbasi al-Mahdi. Aka sa doka cewa mai son zama a gindin ginshiƙi ya karantar, sai ya gurfana gaban shehunai shida, biyu Shafi'awa, biyu Hanafawa, biyu Malikawa, su tambaye shi fanni goma sha ɗaya: tafsiri, hadisi, tauhidi, fiƙihu, usulu, nahawu, sarfu, ma'ani, bayani, badi'i da manɗiƙi. Wanda ya ci shi ne mai shahadar Alimiyya. Dokar 1896 ta yanka shekara takwas ga shahadar Ahliyya, goma sha biyu ga Alimiyya. Wannan ƙofa ba ta da sauƙi. Ɗaha Husaini, makahon nan da ya zama jigon adabin Larabci, an kāda shi a cikinta, ya koma sabuwar jami'ar Masar ya karɓi digirin dakta cikin 1914.

A cikin 1930 aka raba babban karatu gida uku, watau Usuluddini da Shari'a da Lugga. Dokar 1961 kuwa, ta zamanin Jamal Abdunnasir, ita ta mayar da Azhar jami'a irin ta zamani, aka ƙara aikin likita da injiniya da noma da ilmin ciniki, aka kuma buɗe wa mata sashensu. Malamai sun yi saɓani a kan dokar nan, domin ta ƙara wa gwamnati iko a kan makarantar. Tsoffin sunaye dai ba su ɓace ba. A sassan addini ɗalibi ya kan yi shekara huɗu ya karɓi Ijaza Aliya, wadda ita ce digirin farko. In ya zarce sai Takhassus, watau majistir, inda zai fara da karatun share fage, kāna ya rubuta risala ƙarƙashin wani shehi, a tara malamai su yi masa munaƙasha a bainar jama'a. Digirin dakta shi ne ya gaji sunan Alimiyya.

Jiraya ta daɗe da komawa kuɗi, kwanan riwaƙi kuma ya koma Madinatul Bu'usi, unguwar ɗalibai baƙi da aka buɗe a Abbasiyya cikin 1959. Wanda ya sami minha, watau ɗaukar nauyi daga Azhar, yana da ɗaki da abinci da ɗan kuɗin kashewa. Amma minha ƙidayayyiya ce, masu nema sun fi guraben yawa, don haka ɗalibai da dama haya su ke kamawa cikin gari, suna dogara ga abin da iyaye ko wani mai hali ya aiko daga gida. Uban da zai tura ɗansa ya kamata ya san wanne daga cikin biyun nan ɗan zai faɗa tun bai ɗaura kaya ba.

Akwai kuma maganar takarda, wadda ita ta fi tsaya wa almajiran zaure a rai. Jami'a ba ta karɓar ɗalibi sai da shahadar sakandare ta Azhar, ko ta wata makaranta da Azhar ta yarda daidai ta ke da tata, abin da a ke kira mu'adala. Wanda ba shi da ita, ko da ya haddace Alƙur'ani ya sauke Muhtasar, sai an gwada matsayinsa, a sa shi ajin lugga ko ma'ahadin baƙi, ya hau matakala daga inda aka aje shi, wani lokaci tare da yaran da ya girme nesa ba kusa ba. A cikin masallacin kansa kuwa har yanzu shehunai suna zama, ana jan littattafan fiƙihu da nahawu da hadisi kyauta, ba a tambayar mai zama takarda, ba a kuma ba shi digiri.