Wace ce Innar da ke cikin "shan inna"? Daga ƙasar Matamaye zuwa bakin kogin Kaveri

A Matamaye, kamar ko'ina a ƙasar Hausa, idan ƙafar yaro ta shanye bayan ya yi fama da zazzaɓi, suna ɗaya ake kiran ciwon da shi: shan inna. Da wannan sunan gidajen rediyo ke sanarwar rigakafi, shi ne kuma a bakin ma'aikatan lafiya da ke bi gida-gida suna ɗiga wa yara magani. Sai dai ba kowane matashi ne da ke furta kalmar ya taɓa tambayar wace ce wannan Inna ba, kuma mene ne ta sha.

A al'adar Hausawa ta kafin Musulunci ya game ƙasa, Inna iska ce mace, kuma tana cikin manyan iskoki. Kalmar na nufin uwa. An saka mata ita ne don girmamawa da kuma tsoro, kamar yadda ake sakaya sunan wanda ba a son ya ji an ambace shi. Tana da wasu sunayen sakayawa: Doguwa, Bafilatana, a wasu wuraren kuma Uwar Gona. Ana siffanta ta da mace mai son nono, wadda ke zama a manyan itatuwa irin su tsamiya da kuka. Ita ce mai tsaron gona da rumbu a wajen masu bauta mata. Idan kuwa aka saɓa mata, ko aka tura ta kan ɓarawo, sai ta tsotse jinin hannu ko ƙafa har gaɓar ta motse. Daga nan sunan ciwon ya fito.

Ba labarin baka kaɗai ba ne. Ba'amurken nan Joseph Greenberg, wanda ya zauna da Maguzawan ƙasar Kano a 1938 zuwa 1939, ya rubuta bayanin Inna a littafin da ya fitar a 1946. Bafaranshe Guy Nicolas kuwa ya yi bincike a nan ƙasar Kance wajajen 1960, kafin ya zurfafa a kwarin Gulbin Maraɗi, inda ya bayyana yadda Anna, wato Hausawan da suka riƙe addinin gargajiya, ke rarrabe Doguwa Fara da Doguwa Baƙa: ta farkon ta fi kusa da gida da gona, ta biyun ta daji ce mai zafin rai.

Dalilin da ya sa al'adar ta daɗe a nan

Akwai dalilin da ya sa irin waɗannan al'adu suka fi jimawa a wannan gefen iyaka. Bayan jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da aka fara a 1804, wasu daga cikin sarakunan Haɓe da suka rasa gadajensu arewa suka yi. Katsinawa suka kafa Maraɗi, Gobirawa suka zauna a Tsibiri, wani reshe na gidan sarautar Daura kuma ya koma Zango, wadda ke dab da iyakar da mutanen Matamaye ke tsallakawa kullum ta Ɗan Barto. Ita kuwa Damagaram, wadda ƙasar Kance ta shiga ƙarƙashinta a ƙarni na 19, daular Musulunci ce amma ba ta taɓa zama ƙarƙashin Sakkwato ba. Saboda haka masallaci da tsafin gona suka daɗe suna zaune kusa da juna.

A Gobir sunan ya shiga har fada. Inna sarauta ce ta mace ƴar gidan sarki, wadda ke shugabantar mata da ƴan bori, kamar yadda Iya take a Maraɗi. Ƙarfin wannan sarauta ya kai ga Nana Asma'u, ƴar Shehu, da ta kafa tsarin karantar da matan karkara na Ƴan Taru, sai ta riƙa ɗora wa jajis ɗinta malfa, hular da aka san Innar Gobir da ita. Ta ɗauki alamar da mata suka saba girmamawa, ta mayar da ita ta malanta. Wannan dabara ce da masu wayar da kai na yau za su iya koyon wani abu daga gare ta.

A yau bautar ta kusa ƙarewa. Malamai sun daɗe da bayyana ta a matsayin shirka, jikokin Anna mafi yawansu Musulmi ne, kuma ba kullum aka rabu lafiya ba: a watan Nuwamban 2000, lokacin zanga-zangar adawa da bikin nunin tufafi na FIMA, gidan Iyar Maraɗi na cikin wuraren da aka kai wa hari.

Wata uwar a kudancin Indiya

Mai kallon fina-finan kudancin Indiya da ake fassarawa a Kano ya saba ganin mata sanye da rawayen zane, ɗauke da tukunyar wuta da ganye, suna tafiya wurin bauta. Akasari dariya ake yi a wuce. Amma abin da ke bayan wannan hoton ya yi kama da labarin Inna fiye da yadda ake zato.

A jihar Tamil Nadu akwai garin Samayapuram, kusa da birnin Tiruchirappalli da ke bakin kogin Kaveri. Garin ya yi suna ne saboda ɗakin bautar Mariamman, abar bautar mabiya addinin Hindu da suke danganta wa ruwan sama da kuma cutar agana. "Amman" a harshen Tamil uwa ce. Ita kanta agana "ammai" suke ce mata, daga tushe ɗaya. Wato su ma, kamar Hausawa, sun raɗa wa ciwon da ya fi ba su tsoro sunan uwa, kuma sun ɗauka wadda ta kawo shi ita ce mai ɗauke shi. Masu ziyara kan kai ƙananan siffofin ido ko hannu ko ƙafa na azurfa, gwargwadon gaɓar da suke neman wa lafiya. Ganyen da suke riƙewa kuwa kowane ɗan Matamaye ya san shi: dogon yaro ne, wanda Kanawa ke ce wa darbejiya, itacen da asalinsa daga can yankin Indiya aka kawo shi Afirka ta Yamma a zamanin mulkin mallaka.

Bambancin shi ne can ɗakunan bautar na nan tsaye, jama'a na cika su a bukukuwan watan Maris da Afrilu. Duk da haka an kawar da agana daga duniya, an kuma tabbatar da hakan a 1980, sannan a 2014 aka shaida Indiya ta rabu da shan inna. Allura da ɗigon rigakafi ne suka yi wannan aikin, a ƙasar da ake ci gaba da kiran ciwon da sunan uwa.

Inda sunan ke iya cutarwa

A ilimin likita, shan inna ƙwayar cuta ce da ke fita ta bayan gida, ta shiga bakin wani yaron ta gurɓataccen ruwa ko abinci ko hannu marar tsabta. Ta fi kama ƴan ƙasa da shekara 5. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cikin mutum 200 da suka kamu, kusan ɗaya ne ke samun shanyewar da ba ta warkewa. Sauran na iya yaɗa ta ba tare da an ga komai a jikinsu ba.

Bai kamata a ɗora wa Inna laifin da ba nata ba. Ƙaurace wa rigakafin da aka yi a Kano da wasu jihohin arewacin Najeriya a 2003 ya samo asali ne daga zargin cewa an saka maganin hana haihuwa a ciki, da kuma rashin yardar da gwajin maganin Trovan na kamfanin Pfizer ya bari a Kano tun 1996. Sai a watan Yulin 2004 Kano ta koma yin rigakafin, da maganin da aka kawo daga Indunusiya, kuma kafin nan cutar ta tsallaka ƙasashe da dama. An cire Nijar daga jerin ƙasashen da cutar ta yi wa katutu a 2006. A Najeriya an ga na ƙarshe a Borno a 2016, kuma ranar 25 ga Agustan 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da asalin ƙwayar.

Amma tasirin tsohon imanin yana wani wurin daban, kuma ya fi shiru. Mai bincike Elisha Renne, a littafinta na 2010 kan siyasar shan inna a arewacin Najeriya, ta nuna cewa iyaye da dama na ɗaukar ciwon a matsayin aikin iska. Wanda ya yarda da haka, ko da bai san sunan Doguwa ba, wurin mai magani zai fara zuwa, ko mai ruƙiyya, asibiti ya zo daga baya. Ga shi har yanzu ana samun wani nau'in ƙwayar da ke yaɗuwa a inda yaran da aka yi wa rigakafi suka yi ƙaranci, a Nijar da arewacin Najeriya, abin da ya sa ba a daina zagayen ɗigon ba. Yankin da mutane ke kwana a Matamaye su ci kasuwa a Mai'aduwa ko Daura ba ya cikin waɗanda za su saki jiki.

Jinkirin yana da farashi da za a iya ƙirgawa. Ƙa'idar masu sa ido kan cutar ita ce duk yaron da bai kai shekara 15 ba, wanda hannunsa ko ƙafarsa ta saki farat ɗaya, a kai rahotonsa, a ɗauki bayan gidansa sau biyu cikin kwana 14 da fara ciwon a aika ɗakin gwaji. Idan kwanakin suka wuce ana turare da shafe-shafe, gano ƙwayar na yin wuya, yaran maƙwabta kuma na nan suna wasa a ƙasa ɗaya. Ɗan uwan da ke Aljeriya ko Libiya ko Legas, wanda aka kira a waya aka ce ya turo kuɗin magani don ƙafar ƙanensa ta saki, yana da damar tambayar ranar da abin ya fara, da kuma ko an kai yaron cibiyar lafiya.