Ƙullutu a nono: hotuna da awon da ake yi kafin a ce daji ne

A taron asusunmu na ranar Laraba, bayan an gama zubi an rufe akwati, wata daga cikinmu ta jawo shugaba gefe ta ce mata akwai abin da take ji a nononta na hagu, kamar ƙwallon dabino, wata biyar ke nan. Ba ya mata ciwo, shi ya sa ta yi shiru. Da aka ce ta je asibiti sai ta ce: "Ni tsoron allura nake. An ce daji ba ya son ƙarfe." Dukkanmu mun taɓa jin wannan magana, wasunmu ma sun yarda da ita, don haka muka ga ya kamata mu zauna a kanta.

Yawancin ƙullutun da mata ke ji a nono ba daji ba ne. Wani ruwa ne ya taru, wani tsoka ce marar illa da ƴan mata ke yawan samu, wani kumburin shayarwa ne. Amma hannu kaɗai ba ya iya bambance su, ko da hannun lokotoro ne. Kuma rashin ciwo ba shaida ba ce ta lafiya, domin dajin nono sau da yawa ba ya ciwo a farkonsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2022 mata kimanin miliyan 2.3 aka gano suna da shi, kusan 670,000 suka rasu. A ƙasashenmu abin da ya fi kashewa shi ne zuwa a makare, bayan an sha jiƙo, an shafa, an yi tsaga.

Matakin farko a CSI ne ko gidan haihuwa. Ungozoma ko lokotoro za su duba, su lalubi nono biyun da hammata. Ban da ƙullutu, ana neman kan nono da ya shige ciki, jini da ke fita daga gare shi, fatar da ta koma kamar ɓawon lemu, ko kaluluwa a hammata. Daga nan sai a rubuta takardar hoto.

Hoton iri biyu ne aka fi yi. Akwai ekografi, wanda masu ciki suka sani: a shafa wani mai mai sanyi, a bi da ƙaramin abu a kan fata. Ba ya zafi, ba ya cutar da ciki ko jariri, kuma shi ke nuna ko ƙullutun ruwa ne ko tsoka. Shi aka fi farawa da shi ga ƴan mata, masu ciki da masu shayarwa, saboda nonon mai ƙuruciya a cike yake, hoton radiyo ba ya ratsa shi sosai.

Na biyu shi ne mamografi, wato radiyon nono. Ana sa nono tsakanin faranti biyu a matse shi na ɗan lokaci, kowane nono a ɗauke shi ta fuska biyu. Matsewar ba daɗi, ba za mu ɓoye muku ba, amma kafin ki gama salati an saki. Amfaninsa shi ne yana iya ganin abin da bai kai girman da hannu zai ji ba, musamman ga wadda ta wuce shekara 40. Ranar zuwa kada a shafa hoda, turare ko mai a ƙirji da hammata, domin suna iya fitowa a hoton kamar ɗigo-ɗigo su ruɗa mai karantawa. In da hali a je bayan an gama al'ada, lokacin nono bai cika tsami ba. Wadda ke zaton tana da ciki ta faɗa tun kafin a fara.

A takardar sakamako za ku ga an rubuta ACR da lamba. ACR 1 da 2 ba abin damuwa. ACR 3 na nufin a dawo a sake hoto, yawanci bayan wata 6, kuma nan ne da yawa ke ɓacewa don an ce musu "ba komai sosai". ACR 4 da 5 na nufin sai an ɗebi nama an auna. ACR 0 kuwa hoton bai isa ba, a ƙara wani.

To, ga batun ƙarfen. Awon da ake kira biyopsi shi ne a yi allurar kashe zafi, a sa wata allura a ciro ɗan nama kamar tsinke, a kai a duba shi a madubin likita. Shi kaɗai ke tabbatar da daji ne ko ba shi ba, kuma wane iri ne, wanda da shi ake zaɓen magani. Allurar ba ta yaɗa ciwon. Abin da ya haifi waccan magana shi ne yawancin waɗanda muka ga an taɓa, sun je ne bayan ciwon ya riga ya bazu, sai aka ɗora wa allura laifin watannin da aka yi a gida. Hukumar Lafiya ta Duniya tana son a gama duk wannan bincike cikin kwana 60 daga ranar da mace ta fara kai kanta asibiti.

Kwana 60 ba wasa ba ne ga matar ƙauye. Sai ta nemi izinin maigida, ta samu kuɗin mota zuwa Maraɗi, Damagaram ko Tawa, wani lokaci har Yamai, inda cibiyar yaƙi da cutar daji ta ƙasa take, wadda ta fara gashin ciwon da na'ura a 2021. Sai kuma mai riƙe mata yara. Tun da aka kafa Mata Masu Dubara a Maraɗi a 1991 muke ware kuɗin taimako don biki, suna da rasuwa. Mu a ƙungiyarmu mun ƙara hoton nono a cikin abin da asusun taimako ke ɗauka, ba tare da an faɗi sunan mai buƙata a gaban taro ba.

Ƴar'uwar tamu ta tafi da rakiyar ma'ajiya, da takardunta a cikin leda, domin tsohon hoto ba a yar da shi, da shi ake gwada sabo. An yi mata ekografi da mamografi, an ɗebi naman. Ranar Laraba mai zuwa za ta koma karɓar sakamako, mun riga mun ajiye kuɗin motar mutum biyu.