Neman aikin kwana-kwana: a bar babbar riga a gida

Duk ɗan kasuwar da ya tuna gobarar babbar kasuwar Yamai ta 1982, ko ta Sabon Garin Kano ta 2016, ya san darajar ɗan kwana-kwana. Idan ɗanka ya samu takardar gayyata zuwa wannan aiki, to batun tufa ba ƙaramin abu ba ne.

Al'adarmu ita ce a ɗinka wa yaro shadda, a murza hula. Amma a nan shadda ba ta da kasuwa, domin aikin ɗamara ne. A Nijar 'yan kwana-kwana sojoji ne. A Nijeriya kuwa hukumar kashe gobara ta tarayya tana ƙarƙashin ma'aikatar harkokin cikin gida. Ranar tantancewa ana auna tsawo da nauyi, likita ya duba jiki, galibi har da gudu.

Don haka a fara karanta takardar da kyau. A Nijeriya an saba neman farar riga mai gajeren hannu, farin gajeren wando, safa da kambas. Kada a sa sabon takalmi ranar. A taka shi kwanaki tukuna, kada ya yi wa yaro kanta.

Idan zama ne gaban kwamiti, riga da wando masu guga sun isa. A yi aski, a yanke farce, a cire zobe, a rage turare.

Kuɗin ɗinki kuwa, gara a kashe su wajen haɗa takardar haihuwa da ta makaranta.