Takardar Tsaron EV: Shin Ta Cancanci Kuɗinta?

Duk shafin intanet da ke karɓar kuɗi ko bayanan jama'a yana buƙatar takardar shaidar tsaro, wadda ke sa adireshinsa ya fara da https. Masu sayar da irin wannan takarda sukan kwaɗaita wa masu sana'a wata mai tsada da ake kira EV, wai ita ce ke sa kwastomomi su saki jiki. Abin da ba su cika faɗa ba shi ne, ƙarfin ɓoye bayanai tsakanin wayar mai ziyara da shafin duk ɗaya ne, ko da EV ko da wadda ƙungiyar Let's Encrypt ke bayarwa kyauta. Kuɗin EV na binciken takardu ne kawai, don a tabbatar kamfanin yana da rajista da adireshi na gaske.

Lokacin da aka ɓullo da EV a 2007, ribar wannan bincike ita ce sunan kamfani da ke fitowa da koren launi kusa da adireshi. To, wannan alama ta kau. Manhajar buɗe shafukan intanet ta Safari ta cire ta a 2018, Chrome da Firefox suka bi sahu a 2019, bayan Google ya bayyana cewa bincikensa ya nuna mutane ba sa ƙara yin hattara idan alamar ba ta nan. Yanzu sai an latsa an tona kafin a ga sunan, kuma wane ne zai tsaya yin haka yana gaggawar biyan kuɗi?

Masu kare EV za su ce ai binciken yana tare 'yan damfara. Yana rage su, amma ba ya hana su. A 2017 wani mai binciken tsaro, Ian Carroll, ya yi rajistar kamfani mai suna Stripe a jihar Kentucky ta Amurka, ya samu takardar EV ɗauke da sunan shahararren kamfanin biyan kuɗin nan, ba tare da ya karya wata ƙa'ida ba. Suna ya zo ɗaya, mai shi daban.

Idan banki ko abokin ciniki ya sharɗanta maka EV a yarjejeniya, sai ka saya. In ba haka ba, zuba kuɗin wajen sabunta manhajojin shafinka da ƙarfafa kalmomin sirri. Kai kuma mai ziyara, ɗan damfara ma yana iya samun https, don haka karanta adireshin harafi bayan harafi kafin ka shigar da lambar katinka.