Yadda Ake Zaɓen Amfilifaya Da Kula Da Hedifon Mai Tsada

Da yake an san aikina injiniyanci ne na fannin lantarki, sau da yawa akan tare ni da tambaya iri ɗaya, musamman iyayen da 'ya'yansu suka fara sha'awar kayan sauti: yaro ya tara kuɗi ya sayi hedifon na ɗaruruwan fam ko dala, yanzu kuma ya ce ba zai yi aiki sosai ba sai an haɗa masa da amfilifaya. Shin gaskiya ne, ko kuwa dabarar 'yan kasuwa ce? Amsata ita ce, wani lokaci gaskiya ne, wani lokaci kuma ɓarnar kuɗi ce, kuma lambobi biyu da ke jikin kwalin hedifon ɗin sun isa su raba gardamar.

Amfilifaya dai ba ta gyara sauti, aikinta kawai ta ɗauki ƙaramar wutar da ke ɗauke da sauti ta ƙara mata ƙarfi, ta yadda za ta iya girgiza ɗan faifan da ke cikin hedifon. Kowace waya da kowace kwamfuta akwai irinta ƙarama a ciki. Don haka abin tambaya shi ne ko ta cikin ta wadatar.

Lamba ta farko ita ce turjiya, wato yadda hedifon ke hana wuta wucewa. Ana auna ta da om, za ku ga alamar Ω a gefen lambar. Hedifon da aka yi domin waya yawanci yana tsakanin om 16 zuwa 32. Sennheiser HD 600 da ya fito a 1997 da ƙaninsa HD 650 na 2003 kuwa om 300 gare su. Kamfanin Beyerdynamic na Jamus ma yana yin DT 880 iri uku, mai om 32, mai 250 da mai 600, saboda haka a duba da kyau kafin a biya kuɗi, don suna ɗaya ne amma buƙatarsu ta bambanta. Mai turjiya da yawa yana son a tura masa wuta da ƙarfi, wato bolt mai yawa. Mai turjiya kaɗan bolt kaɗan ya ishe shi, amma yana zuƙar wuta da yawa.

Lamba ta biyu, wadda mutane suka fi mantawa da ita alhali ta fi ta farko muhimmanci, ita ce saurin amsawa, wato yawan ƙarar da hedifon zai bayar idan aka ba shi wuta ƙayyadajjiya. Ana rubuta ta da desibel, ko dai a kan bolt 1 ko a kan miliwat 1, kuma waɗannan biyun ba ɗaya ba ne, sai an lura da wanda kamfani ya yi amfani da shi.

Ga yadda nake yin lissafin. Ina so na'ura ta iya kaiwa desibel 110, ba don a saurara a haka ba, sai don bugun ganga ko tashin murya na ɗan ƙiftawar ido yakan zarce matsakaicin sauti nesa ba kusa ba, kuma idan amfilifaya ta gaza a wannan lokacin sai a ji sautin ya tsage. Ƙa'idar ita ce, ƙarin desibel 6 na buƙatar ninka bolt sau biyu, ƙarin desibel 10 kuma na buƙatar ninka wat sau goma. HD 650 yana ba da desibel 103 a kan bolt 1. To ka ga bolt 2 zai kai shi 109, kenan kimanin bolt 2.2 ya kai shi 110, wanda a kan om 300 bai wuce miliwat 17 ba. Yanzu a kwatanta da HiFiMan HE-6, wanda turjiyarsa om 50 ce kacal, mai kallo zai zaci waya ma za ta iya da shi. Amma desibel 83.5 yake bayarwa a kan miliwat 1. Miliwat 10 ya kai shi 93.5, miliwat 100 ya kai shi 103.5, kafin ya kai 110 sai ya sha wajen miliwat 450. Wato ya ninka na farko fiye da sau 25. Wannan shi ne hedifon da ke buƙatar babbar amfilifaya da gaske.

Ɗan mahaɗin nan na Apple da ake soka wa waya domin a jona hedifon mai igiya yana fitar da kimanin bolt 1 idan na kasuwar Amurka ne, wanda ake sayarwa a Turai kuma an rage shi zuwa wajen rabin haka saboda dokokin kare ji. Shi ya sa ɗan uwa a Landan zai yi ƙorafin HD 650 ba ya ƙara, na Amurka kuma ya ce shi bai ga matsala ba, alhali duk gaskiya suke faɗa.

Tun da na ambaci desibel 110, wajibi ne in yi gargaɗi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum zai iya sauraron desibel 80 na tsawon awa 40 a mako ba tare da cutarwa ba, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba wannan lokaci biyu. A desibel 89 saura awa 5 a mako, a 98 bai kai minti 40 ba. Haɗarin kayan sauti masu kyau shi ne ba sa tsagewa idan an ƙure su, don haka kunne ba ya samun alamar cewa ƙara ta yi yawa. Ƙwayoyin jin da ke can cikin kunne kuma idan suka mutu ba sa sake tsirowa. Duk wanda ya cire hedifon ya ji kunnensa na ƙugi ko ya dushe, to ya wuce iyaka, idan abin ya daɗe kuma sai a ga likita. Iyaye su sa ido a nan fiye da ko'ina.

Akwai lamba ta uku, ita kuma a takardar amfilifayar take: turjiyar mafitarta. Abin da masana suka saba bi shi ne kada ta wuce kashi ɗaya cikin takwas na turjiyar hedifon. Mai om 32 yana son mafitar da ba ta wuce om 4 ba, mai om 300 kuwa ko 37 ba damuwa. Dalili shi ne turjiyar yawancin hedifon ba a tsaye take ba, ta HD 650 misali takan haura zuwa wajen om 500 a sauti mai kauri na ƙasa, don haka mafita mai turjiya da yawa takan kumbura wannan ɓangare ta canza yadda aka tsara sautin. Amfilifaya mai bawul, irin ƙwayayen gilashin nan na tsofaffin rediyo, da yawansu mafitarsu na da turjiya mai yawa, wasu har fiye da om 100. Suna daɗi da hedifon mai om 300, amma ba su dace da mai 32 ba. Ni dai ina sha'awarsu, sai dai suna zafi, bawul ɗin na tsufa, kuma ba abin ajiyewa ba ne inda ƙananan yara ke rarrafe.

Hedifon na Stax daga Japan dabam yake da sauran. Faifansa siririyar leda ce da ake ɗora wa bolt 580, ba ya aiki sai da na'urarsa ta musamman, kuma ba ya shiri da ƙura ko laima.

Maganar kuɗi kuwa, a ra'ayina an daɗe da wuce zamanin da sai mai hali ke samun amfilifaya mai tsabtar sauti. Schiit Magni ta fito a 2012 a kan dala 99, JDS Labs Atom ma haka a 2018, kuma irinsu sun ishi mafi yawan hedifon da ke kasuwa. Wanda ke da rarar kuɗi ya zuba a kan hedifon ɗin kansa, nan ne bambanci yake. Igiyar azurfa ta ɗaruruwan dala ban taɓa shawartar kowa ya saya ba. Sannan a sani, tsohon kaset na Shata da aka kwafa sau goma kafin a ɗora a intanet, hedifon mai tsada sai dai ya ƙara fito da shuuu ɗin da ke cikinsa.

Mu da ke yawo da kaya tsakanin ƙasashe akwai abin da ya shafe mu musamman. Wutar gida a Amurka da Kanada bolt 120 ce, a Ingila, Ghana da Najeriya 230 ce, a Saudiyya kuma har yanzu akan tarar da 127 a wasu tsofaffin gidaje. Cajar waya takan karɓi kowace iri, amma amfilifaya da yawa suna zuwa da taransifoma da aka yi wa wutar ƙasa ɗaya kawai. Canza bakin fulogi ba ya canza wuta. A karanta abin da aka rubuta a jikinta, idan ba a ga 100 zuwa 240 ba, kada a jona ta a wata ƙasa sai an sayi wadda ta dace. Wanda zai kai ta gida inda ake aiki da janareta, ya haɗa da sitabilaiza.

Wajen kunnawa, a mayar da ƙara ƙasa gaba ɗaya, a kunna amfilifaya, a ɗan jira, sannan a soka hedifon. Wajen kashewa a fara zare shi. Wasu na'urori sukan yi tartsatsin wuta a daidai lokacin kunnawa da kashewa, wanda zai iya ƙona siririyar wayar da ke naɗe a bayan faifan.

Sosan da ke rufe kunne shi ne ya fi saurin lalacewa, kuma idan ya kwanta kunne yakan matso kusa da faifai sautin ya canza, mutum ya zaci hedifon ne ya tsufa. Zufa, man gashi da turare ne ke cinye shi. A riƙa goge na fata da ƙyalle mai ɗan damshi bayan amfani, na karan-miski kuma a kaɗe shi da burushi mai laushi, idan ya kwanta a sayi sabo, zai fi kyau na kamfanin da ya yi shi. Kada a bar hedifon a mota cikin zafin Jidda ko Khartum, gam ɗinsa zai saki fatar ta ɓare. A wuri mai laima irin Akara ko Duwala a ajiye shi da 'yan ƙunshin nan masu shan danshi da ake samu a kwalin takalmi, a lokacin hunturu a arewa kuma a rufe shi saboda ƙura. Idan aka ji ɓangare ɗaya yana zizza a sauti mai kauri, sau da yawa silin gashi ne ya shiga ya kwanta a kan faifan. A cire sosan a ɗauke shi a hankali da ɗan hantsaki, ba a hurawa da baki, ba a kuma taɓa faifan da yatsa.

Igiya kuma a kama kanta ake zarewa, ba a fizgo ta daga tsakiya, kuma kada a nannaɗe ta tamau a jikin hedifon. Idan ana zaɓe tsakanin guda biyu masu kama da juna, a ɗauki wanda igiyarsa ke cirewa kuma ana sayar da sosansa daban. HD 600 irin wannan ne, shi ya sa har yau akwai masu amfani da wanda suka saya fiye da shekara 20 da ta wuce.