Haƙƙin Mai Shigowa Bayanka: Nasiha Kan Makewayin Jama'a

Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya saukar da ruwa mai tsarkakewa, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Bayan haka, ya ku malamai da 'yan kasuwa na ƙasar Yawuri, tun daga Yelwa da Bin Yawuri har Ngaski da Wara da Shanga, ina neman izininku in taɓa abin da ake jin nauyin ambatonsa, watau makewayin jama'a na kasuwa da tasha da masallaci da makaranta. Kada wani ya ce wannan ba zancen malamai ba ne. Ya zo a littafin Muslimu cewa an yi wa Salmanul Farisi gori, wai Annabinsu ya koya musu kome har zaman biyan bukata. Salmanu bai ji kunya ba, ya ce haka ne, ya shiga lissafa ladubban.

Duk wanda ya zauna gaban malami ya san a shiga da ƙafar hagu a fita da dama, a nemi tsari kafin shiga, a nemi gafara bayan fita, a yi istibra'i, a yi tsarki da hagu. Waɗannan tsakaninka ne da Ubangijinka. Amma makewayin jama'a yana da wani haƙƙi da muka yi wa riƙon sakainar kashi, shi ne haƙƙin mutumin da zai shigo bayanka. Ba ka san shi ba, shi ma bai san ka ba, amma yadda ka bar wurin haka zai same shi.

Shaihu Halilu, a cikin Muhtasar, ya buɗe fasalin biyan bukata da cewa zama shi ne abin so, amma ya hana zama in ƙasar mai taushi ce kuma da najasa a kanta. To, ku dubi wannan da kyau. Wanda ya ɓata bakin masai ya tafi abinsa, ya hana na bayansa zaman da shari'a ta so masa. Dole ya tsaya, fitsari ya fantsamo masa a wando, ya tafi sahu da shi bai sani ba. Mun kuwa san hadisin kaburbura biyu da ake wa azaba, ɗayansu saboda ba ya kiyaye kansa daga fitsari. Ina ga wanda ya jawo wa mutum goma wannan a yini guda?

Sa'an nan Shaihun ya lissafa wuraren da za a nisanta, a cikinsu akwai mashaya da hanya da inuwa da gaɓar kogi. Dalili shi ne cutar da mutane, har hadisi ya nuna cewa irin wannan aiki yana jawo wa mai shi tsinuwa. Zancen gaɓar kogi kuwa kamar da mu ake. An fara ginin madatsar Kainji a 1964 aka gama a 1968, ruwa ya taru ya cinye gungu da yawa, aka tayar da mutum fiye da 40,000 zuwa sababbin matsugunai. Tun daga nan Kwara a wajenmu ta zama tabki, gefensa ruwa ne mai kwanciya. A nan Gungawa da Sarkawa ke kamun kifi, a nan mata ke wanki, yara ke wanka, a nan ake ɗiban na sha.

Ga inda zancen makewayi ya haɗu da na tabki. In makewayin kasuwa ya ƙazantu, fatake da masu jirgi ba za su shiga ba, sai su gangara bakin ruwa. Likitoci sun tabbatar cewa mai tsargiya in ya yi fitsari a ruwa, ƙwayayen tsutsar sukan ƙyanƙyashe su shiga ƙananan katantanwa, su girma su fito, su huda fatar duk wanda ya shiga ruwan. Kwalara kuwa daga kashin mai ita take shiga abin sha da abinci. A 2021 ta kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya, fiye da 3,000 suka riga mu gidan gaskiya, jihar Kebbi ma ba ta tsira ba. Saboda haka mai ɓata makewayi ba ɗaki guda ya ɓata ba, ya kora mutane ne zuwa ruwan da 'ya'yansa za su sha.

Masai iri uku ne a wurarenmu, kowane da ladabinsa. In salga ce, ka daidaita da ramin, ka wanke bakinta in ka ɓata, ka mai da murfi. Ƙudan da ya fito daga ramin da aka bari buɗe, shi ne zai sauka kan kifin banda da ƙosai a rumfar da ke kusa. Sai dai salga mai bututun iska, ita ba a rufe bakinta, ƙofa ake ja don cikin ya yi duhu, ƙuda ya bi hasken bututu ya maƙale a raga. In na tsuguno ne mai ruwa, ka kora har ya tafi sarai, kada ka jefa leda ko tsumma ko dutsen istijmari, gama su ke toshe shi.

Na uku shi ne masai na zama, wanda ake samu a asibiti da masauki da ma'aikatu. A Ingila da Amurka maza da mata sun daɗe suna gardama kan mazauninsa, a bar shi ɗage ko a sauke. Mu namu mai sauƙi ne, tun da zama shi ne abin so: ka zauna. In larura ta sa ka tsaya, ka ɗage mazaunin tukuna, in ka gama ka sauke. Kada ka hau kansa da takalmi ka tsuguna, gama ka ɓata shi, kuma yana iya fashewa ya yanke ka. In ruwan tsarki ya zuba a kai ka share, domin mai zuwa ba shi da ikon sanin ruwa ne ko fitsari, sai ka bar shi da waswasi. Ka rufe murfi kafin ka kora ruwa, don kada feshi ya tashi.

Akwai kuma ladubban da suka game duka. In ka iske ƙofa rufe, ka yi gyaran murya ka jira, ban da leƙe. In kana ciki kada ka daɗe kana latsa waya mutane na matse a waje, balle wayar da Alƙur'ani ke buɗe a fuskarta. Kada ka aje buta cikin ƙazanta, kada ka tsoma ta a randa, in ka iske ta cike ka bar ta cike. Ka wanke hannu da sabulu, in babu ko da toka, kafin ka yi musafaha ko ka koma awon hatsi. Ka biya kuɗin shiga ba da gunaguni ba, ka gai da mai sharar wurin, gama yana ɗauke maka abin da kai ba ka iya ɗauka.

Dattawa suna tuna zamanin En'e, sa'ad da duba-gari ke shiga gida gida yana leƙa randa da salga. A zamaninmu, binciken gwamnati na 2021 ya nuna kimanin mutum miliyan 48 a Nijeriya suna ba-haya a fili. Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan umarni a 2019 cewa a daina kafin ƙarshen 2025, wa'adin ya wuce ba a cim ma ba. Amma Jigawa ta zama jiha ta farko da aka shaida ta daina a 2022. Abin da ya yiwu a bakin kogin Haɗeja zai yiwu a bakin Kwara.

To, ya ku attajiran albasa da kifi, kowa yana son a ce shi ya shimfiɗa darduma a masallaci, ba mai son a ce shi ya haƙa salga. Alhali darduma ba ta amfanin wanda tufarsa ke da najasa. Ku haɗa kuɗi ku gina makewayi nesa da rijiya da bakin ruwa, a ware na mata da ƙofa mai sakata, a aje mai kula a riƙa biyansa. Mu kuma malaman allo, kada mu tara almajirai ba mu tanadar musu wurin zagayawa ba, sa'an nan mu yi mamaki in maƙwabta sun tsane su. Yaron da muka koya wa farillan alwala, mu kai shi bakin salga mu nuna masa yadda ake mai da murfi.

Allah ya tsarkake zukatanmu da jikunanmu, ya kare ƙasar Yawuri daga annoba, amin. Haza wassalamu.