Tikiti a waya, layi a ƙofa: Yadda manhajojin ƙwallo ke wahalar da magoya baya

A ranar 21 ga Nuwamban 2022, ana dab da take wasan Ingila da Iran a Gasar Kofin Duniya ta Qatar, ɗimbin 'yan kallo sun yi cirko-cirko a ƙofar filin wasa na Khalifa, kowa ya ƙura wa wayarsa ido.

Sun biya kuɗin tikiti, sun biya na jirgi da na masauki. Da suka buɗe manhajar Fifa sai suka tarar tikitin ya yi ɓatan dabo.

Fifa ta amince cewa akwai matsala, ta ce su duba saƙon imel ko su nufi teburin warware matsalar tikiti. Wasunsu ba su samu shiga ba sai bayan an fara wasan, wanda Ingila ta ci 6-2.

Ba a kan Qatar aka fara ba. A watan Agustan 2021, lokacin da 'yan kallo suka fara komawa filaye bayan korona, sai da aka jinkirta wasan sada zumunta tsakanin Liverpool da Athletic Bilbao da minti 30 a Anfield, saboda sabon tsarin kara waya a jikin na'ura ya haddasa dogon layi.

Afirka ma ta ɗanɗana. A farkon Gasar Kofin Afirka da aka yi a Ivory Coast a Janairun 2024, magoya baya sun koka cewa sun kasa samun tikiti ta intanet, alhali kujeru na nan fayau. Haka aka gani a wasan Najeriya da Equatorial Guinea a filin Ebimpé mai ɗaukar mutum 60,000.

Don wa aka yi manhajar?

Masu shirya wasa na da dalilansu na barin tikitin takarda. Na waya ya fi wuyar jabu, kuma yana rage cinikin 'yan bumburutu da ke sayen tikiti su sayar da tsada. A Ingila doka ta haramta sayar da tikitin ƙwallo ba da izini ba tun 1994, amma hakan bai kashe kasuwar ba.

Tikitin waya yana kuma bai wa ƙungiya damar sanin wanda ya zauna a kowace kujera, da tara bayanan da za ta yi talla da su.

Waɗannan duk buƙatun mai shirya wasa ne. Buƙatar ɗan kallo guda ce: ya shiga fili lafiya, ya zauna kafin alƙalin wasa ya busa usur.

A nan ne wani tsari da masana fasaha suka daɗe suna koyarwa ya shigo, wato a fara ƙera kowane abu daga buƙatar wanda zai yi amfani da shi. Masanin nan ɗan Amurka, Don Norman, na cikin waɗanda suka yaɗa wannan tunani tun shekarun 1980. A ganinsa, idan mutane da yawa suna kuskure ɗaya wajen amfani da wani abu, to a tuhumi ƙirar abin kafin a tuhumi mutanen.

Gwamnatin Birtaniya ta bi wannan hanya lokacin da ta buɗe shafin GOV.UK a 2012, ta tattara ayyukan ma'aikatu da dama wuri guda. Ƙa'idarta ta farko ita ce a fara da abin da ɗan ƙasa yake buƙata, ba abin da ma'aikata ke so ba.

Gwajin ma ba shi da tsada. Wani masanin, Jakob Nielsen, ya yi fice da hujjar cewa idan aka zaunar da mutum biyar kacal aka kalli yadda suke amfani da manhaja, za a gano mafi yawan matsalolinta.

Sai dai inda aka yi gwajin na da muhimmanci. Manhajar da ta yi aiki sumul a ofis mai intanet mai ƙarfi tana iya sumewa a ƙofar fili, inda dubban wayoyi ke rububin sabis a lokaci guda, rana na haska fuskar waya, caji ya kusa ƙarewa, na baya kuma na turo na gaba.

Abokin cinikin da ba ya guduwa

Idan manhajar banki ta ishi mutum, yana iya komawa wani banki. Ƙwallo ba haka take ba. Wanda ya tashi yana goyon bayan Arsenal ba zai koma Tottenham don manhajarta ta fi sauƙi ba, kuma wasan ƙarshe na Kofin Duniya guda ɗaya ne, a fili ɗaya, a hannun hukuma ɗaya.

Saboda haka tsoron rasa abokan ciniki, wanda ke tilasta wa kamfanoni gyara, ba shi da ƙarfi sosai a nan. Mai goyon baya zai yi ƙorafi, ya zage a Facebook ko X, mako mai zuwa ya dawo ya sake bin layi.

Waɗanda suka fi shan wuya su ne dattawan da suka shafe shekaru suna zuwa fili da katinsu a aljihu, da masu ƙaramar waya, da magidancin da ya zo da 'ya'ya uku duk tikitinsu na cikin waya ɗaya, da baƙon da ya zo daga wata ƙasa ba shi da data.

Layi a ƙofa ba ƙaramin abu ba ne

Duk daƙiƙar da aka ɓata a kan mutum ɗaya tana ninkuwa a kan dubban da ke bayansa, kuma cunkoso a ƙofar fili na iya zama ajali. A Janairun 2022 mutum takwas sun mutu a turmutsutsu a ƙofar filin Olembe da ke Yaoundé, gabanin wasan Kamaru da Comoros. Ba manhaja ce ta jawo wannan ba, amma ya nuna abin da kan faru idan jama'a suka taru ƙofa ba ta ɗauka.

Wata huɗu bayan haka, a ranar 28 ga Mayu, an jinkirta wasan ƙarshe na Gasar Zakarun Turai tsakanin Liverpool da Real Madrid da minti 36 a Stade de France da ke wajen Paris. Yajin aiki a wani layin jirgin ƙasa ya karkatar da dubban magoya bayan Liverpool zuwa wata ƙuntatacciyar hanya, inda ake tantance tikitin takarda da na waya. Mutane suka matsu, 'yan sanda suka harba hayaƙi mai sa hawaye.

Da farko Uefa ta ɗora laifin a kan makarar 'yan kallo, hukumomin Faransa kuma suka ce tikitin jabu ne. Amma kwamitin bincike mai zaman kansa ya bayyana a Fabrairun 2023 cewa Uefa ce ke da babban alhaki. Daga baya ta amince ta mayar wa magoya bayan Liverpool kuɗin tikitinsu.

Darasin Paris shi ne cewa tikiti ɓangare ne kawai na tafiyar ɗan kallo, wadda ke farawa tun daga tashar jirgi. An tsara kowane yanki daban.

Me ya kamata a gyara?

Tikitin waya ba zai koma ba. Ƙungiyoyin Firimiyar Ingila sun amince cewa zuwa kakar 2026/27 aƙalla kashi 70 cikin 100 na tikitinsu zai zama na waya.

Gyaran da ake buƙata ba boyayye ba ne. Tikiti ya riƙa buɗewa ko babu intanet. Tura shi ga ɗan'uwa ya zama mai sauƙi. A tanadi kati ko takarda ga wanda ba shi da babbar waya. A ajiye ma'aikaci a kowace ƙofa da zai iya warware matsala nan take, ba tare da an tsayar da layi ba. Sannan a gwada tsarin da magoya baya na gaske, a ranar wasa.

Kafin a kai ga haka, wanda zai je kallo ya sauke tikitinsa tun daga gida, ya cika caji, ya isa da wuri. Kada ya dogara da hoton tikiti da ya ɗauka daga fuskar waya, domin na'urorin filaye da dama ba sa karɓar sa.